SHARHI: Wa Zai Yi Jinyar Masu Kumburin Hanji?

Akwai ciwon da ake zuwa gaida mai shi da lemo da ayaba, a zauna a bakin gado ana ta yaya jiki. Akwai kuma wanda mai shi yake ɓoyewa har ga mahaifiyar da ta haife shi, domin ambatonsa kaɗai abin kunya ne a idon jama'a. Ciwon kumburin hanji yana cikin kashi na biyu. Saurayi ne za a gani da ƙuruciyarsa, amma a wuni guda sai ya zaga bayi sau 10 ko fiye, abin da ke fita kuma jini ne da majina, ga murɗar ciki, ga rama tana cin sa sannu a hankali kamar gara ta kama azara. Ya daina zuwa majalisa, ya daina doguwar tafiya a mota, in ma ya je masallaci sai ya tsaya a sahun baya kusa da ƙofa. Abokai su ce ya canza hali, a gida a ce basir ne ko sammu. Wannan makon jaridar nan ta ga ya dace ta jingine maganar 'yan siyasa ta duba aikin mutumin da ya keɓe rayuwarsa ga irin waɗannan bayin Allah, wato ma'aikacin jinya ƙwararre a kan kumburin hanji, aikin da ya kafu a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, wanda kuma galibin asibitocin ƙasar nan ba su ma san da muƙaminsa ba.

Kafin a zo ga ma'aikacin ya kamata mai karatu ya san ciwon. Iri biyu ne manya. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira kolaitis, yana farawa daga dubura ya yi ta hawa sama, yana cin fatar cikin hanjin har ta riƙa zubar da jini. Wani likita a Landan mai suna Samuel Wilks ya siffanta shi tun a 1859. Na biyu shi ne ciwon Kuron, wanda ya samo suna daga Dokta Burrill Crohn, ɗaya daga likitoci uku na asibitin Mount Sinai da ke Niyok da suka yi bayaninsa a 1932. Shi wannan ba ya da iyaka, daga baki har dubura ko'ina yana iya kamawa, ko da yake ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Yana ratsa kaurin hanjin gaba ɗaya, ya ƙuntata shi har abinci ya kasa wucewa, ko ya huda wata ɓarauniyar hanya ta ɓullo a gefen dubura tana yoyon mugunya. Dukansu biyu ba ƙwayar cuta ce ake ɗauka a ruwa ko a abinci ba, kuma ba a shafa wa wani. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aka halitta don ta yaƙi cuta, take juyowa ta far wa hanjin mai ita. Gado yana da hannu a ciki, yanayin rayuwa da irin abinci ma ana tuhumarsu, taba sigari kuwa an tabbatar tana ƙara wa ciwon Kuron muni. Har yau ba a samu maganin da ke raba mutum da shi kwata-kwata ba, sai dai a kwantar da shi. Yana lafawa wata da watanni, mutum ya zaci ya rabu da shi, sai kuma ya taso. Abin da ya sa maganar ta shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye shi ne, ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35, daidai lokacin karatu da neman sana'a da neman aure.

Kuma ba ya duba muƙami. Shinzo Abe, tsohon Firayim Ministan Japan, sau biyu yana ajiye mulki, a 2007 da 2020, kuma gyambon babban hanji yana cikin abin da ya kayar da shi. Matasa masu bin ƙwallo za su tuna Darren Fletcher na Manchester United, wanda ya jingine wasa a Disambar 2011 saboda wannan ciwo, aka yi masa aiki a farkon 2013, bai koma fili ba sai ƙarshen shekarar. To idan mai mulkin Japan da ɗan wasan da likitocin kulob ke kewaye da shi sun durƙusa, ina ga ɗan acaɓa ko ɗalibin da kuɗin katin asibiti ma sai an yi masa karo-karo?

A Birtaniya, inda ƙungiyar masu wannan ciwo ta bayyana a 2022 cewa mutum fiye da 500,000 ke fama da shi, an daɗe da gane cewa likita shi kaɗai ba zai iya ba. Likita yana ganin maras lafiya na 'yan mintoci sau biyu ko uku a shekara, ciwon kuwa ba ya jiran ranar ganin likita. Wannan giɓi shi ne ma'aikacin jinya ƙwararre yake cikewa. Mace ce ko namiji, wanda ya gama karatun jinya, ya yi shekaru a ɗakin masu ciwon ciki, sannan ya ƙaro ilimi na musamman a kan waɗannan cututtuka biyu. Ƙa'idojin kula da masu ciwon da aka sabunta a ƙasar a 2019 sun nemi a samu irin wannan ma'aikaci aƙalla 5 ga kowane mutum 500,000 na al'umma. Ba ko'ina aka cimma wannan adadi ba, su ma suna kukan ƙarancin ma'aikata, amma dai an rubuta, an kuma san abin da ake bin gwamnati.

Babban makaminsa wayar tarho ce. Kowane maras lafiya yana da lambar da zai kira idan ciwon ya motsa. Aikin yana da sauƙin faɗa, amma a nan ƙwarewar take. Mutum ne zai bugo ya ce cikinsa ya ɓaci, sai ma'aikacin ya shiga tambayoyin da ko aminin mutum ba zai yi masa ba: sau nawa a wuni, sau nawa cikin dare, akwai jini, jinin ja ne ko baƙi, akwai zazzaɓi, cikin ya kumbura, an sha wani maganin ciwon jiki a kwanan nan? Daga amsar zai yanke ko a ƙara yawan maganin da ake sha a gida, ko a kawo bayan gida a auna a tabbatar ba wata ƙwayar cuta ce ta shigo ba, ko kuwa a taho asibiti yanzu-yanzu. Akwai ma'aunin da likitoci biyu na Okasfod, Truelove da Witts, suka kafa a 1955, har gobe ana aiki da shi: wanda ke zawon jini sau 6 ko fiye a wuni, tare da zazzaɓi ko saurin bugun zuciya ko ƙarancin jini, wannan gado ne ya kama shi, ba a barinsa ya kwana a gida. Kuskure a wannan gaɓa yana iya sa hanji ya buɗe kamar balan-balan ya fashe. Ke nan a bakin waya, ba tare da ya ga mutumin ba, ma'aikacin jinya yake rarrabe wanda zai iya jira da wanda ransa ke kan siraɗi.

Sai kuma maganar magunguna, wadda ita ce ta fi cin lokacinsa, domin magungunan wannan ciwo wuƙa ce mai baki biyu. Akwai mesalazin, mai sauƙi, wanda ake sha ko a cusa ta dubura, kuma sai an zauna an lallashi saurayi kafin ya yarda da na cusawar. Akwai firedinisolon, wanda ke kashe wutar ciwon cikin kwanaki, mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa, amma idan aka daɗe a kansa sai ya kumbura fuska, ya rarake ƙashi, ya jawo ciwon suga da hawan jini. Ba a kuma yanke shi farat ɗaya, sai dai a yi ta rage shi mako-mako, galibi cikin mako 8. Aikin ma'aikacin ne ya sa ido kada maras lafiya ya mai da shi abin sha kullum. Akwai azatiyofirin, mai danne garkuwar jiki, wanda sai ana auna jini a kai a kai, don yana iya taɓa hanta ko ya karya ƙwayoyin jini ba tare da mutum ya ji komai ba. Ma'aikacin ne ke bin sakamakon gwajin ɗaruruwan mutane ɗaya bayan ɗaya, ya kira wanda nasa ya kauce. Daga 1998 kuma aka shigo zamanin manyan magunguna, lokacin da Amurka ta amince da infiliksimab ga masu ciwon Kuron. Ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, a ranar farko, da mako na 2, da na 6, sannan duk bayan mako 8. Wani ɗan'uwansa, adalimumab, allura ce da mutum ke yi wa kansa duk mako 2, kuma ma'aikacin jinya ne ke koya masa yadda zai yi ta da yadda zai adana ta a firiji. Kafin a fara ko ɗaya daga cikinsu wajibi ne a binciki mutum ko yana ɗauke da tarin tibi a kwance ko ciwon hanta, domin maganin na iya tayar da su. Mai karatu ya riƙe wannan batu na tibi, za a dawo kansa.

Wani ɓangaren aikin ba ya cikin kwalba ko sirinji. Idan magani ya gaza, likitan tiyata yakan cire hanjin da ya lalace, wani lokaci ya fito da bakin hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin 'yar jaka da ake mannawa. A yi tunanin saurayi ɗan shekara 22, an sa masa rana, ya farka ya ga wannan a cikinsa. Wa zai zauna da shi ya nuna masa yadda ake sauya jakar, yadda ake kare fata daga ci, abin da zai ci da wanda zai rage, ya kuma amsa masa tambayar da ke cin ransa game da aure da haihuwa? Tarihin wannan fanni ma abin lura ne. Jakar da ake mannawa a yar bayan amfani wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta a 1954, saboda 'yar'uwarta da aka yi wa irin wannan aiki ta daina fita don tsoron yoyo da wari a gaban mutane. A kan wannan dabara aka kafa kamfanin Coloplast a 1957. A Amurka kuma Norma Gill, matar aure da ita kanta gyambon hanji ya kai ta ga jaka, ita ta fara aikin koyar da masu jaka a asibitin Cleveland a 1958 tare da likitan da ya yi mata aiki, Rupert Turnbull, suka buɗe makarantar horarwa a 1961. Duka biyun tausayin wanda ke gabansu ne ya tura su, ba wata kwangilar gwamnati ba.

To a dawo gida. An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ya yin sa. Wannan magana ta faɗi. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2017 ya nuna ciwon yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da ke komawa rayuwar birni. Abin da ke faruwa a nan shi ne ciwon yana ɓuya a bayan wasu cututtuka. Zawon jini a ƙasar Hausa sunansa atuni ko basir, wani lokaci a ce tsargiya ce ko taifod, kuma gaskiya ne sau da yawa su ɗin ne. Saboda haka sai a nufi kyamis a sayo Flagyl, a sha, a ɗan ji dama, ya dawo, a sake saye. Daga nan a koma wurin mai maganin basir na bakin tasha mai lasifika, a sha jiƙe-jiƙen da ke ƙara tsuga zawo a kan zawo. Don ciwon gaɓoɓin da ke rakiyar cutar kuma a haɗiyi diklofenak ko ibufurofen, alhali suna cikin magungunan da ke iya tayar da ita. A tsayar da zawon da ƙwayar tsai da gudawa, wadda a lokacin da hanji ya yi tsananin kumburi haɗari ce babba. Shekara biyu, shekara uku, ana wannan zagaye, jini yana ƙarewa.

Ko an dace an isa gaban likita, da sauran aiki. Ciwon Kuron da tibin hanji sun yi kama matuƙa, a alamomi da hoto har ma a abin da ake gani da na'urar leƙa hanji, Nijeriya kuwa tana sahun gaba a Afirka wajen yawan masu tibi. Idan aka ɗauki mai tibi a matsayin mai Kuron aka danne garkuwarsa, an buɗe wa tibin ƙofa ya bazu a jiki. Idan aka yi akasin haka, mutum zai sha maganin tibi wata 6 a banza hanjinsa na ƙara ƙuntata. Na'urar leƙa hanjin kanta sai a manyan asibitocin birane, kuɗinta kuma daga aljihun maras lafiya, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Ke nan buƙatar mutum mai bin diddigi, mai kiran maras lafiya ya ji ko maganin ya karɓe shi, ta fi tsanani a Kano da Sakkwato da Damagaram fiye da Landan. Amma a Landan ɗin yake.

Abin takaicin ma, cikin masu riƙe da asibitocin Birtaniya akwai 'ya'yan ƙasar nan da yawa. Nijeriya tana bin Indiya da Filifin a jerin ƙasashen da suka fi ba Birtaniya ma'aikatan jinya. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Nijeriya ta faɗa da bakinta cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan cikin ƙasashe 55 da a 2023 ta ce bai kamata a riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu ba, sai dai wanda ya nemi aikin da kansa ba a hana shi. Maganin da mahukunta suka kawo a lokacin shi ne su tsaurara ba da takardar shaida, wai sai ma'aikaci ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardunsa. Wato an ga tulu yana yoyo sai aka toshe bakinsa. Ba wanda zai zargi ma'aikaciyar da ke kwana ita kaɗai a kan gadaje masu yawa, da fitilar waya, albashinta bai kai ta ƙarshen wata ba, don ta nemi inda za a san darajarta. Waɗanda za a tuhuma su ne shugabannin da suka taru a Abuja a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba, su kuwa ko kunnensu ya yi ƙaiƙayi sai su hau jirgi zuwa asibitocin da 'ya'yan talakawan ƙasarsu ke yi musu jinya a can.

Sai dai ba mahukunta kaɗai ke da laifi ba, matasa ma suna da nasu kason. Har yanzu a majalisu da yawa ana ɗaukar aikin jinya aikin mata ne, ko kuma mafakar wanda ya nemi likitanci bai samu ba. Saurayi ya gwammace ya yi shekara 4 yana karanta abin da shi kansa bai san inda za a ɗauke shi aiki da shi ba, da a ce masa nas. Sannan shi ne kuma zai fi kowa ɗaga murya idan ya kai mahaifinsa asibiti bai samu namijin da zai kama shi zuwa bayi ba. A irin wannan ciwo kuwa matsalar ta ninka. Saurayin da ya kasa gaya wa mahaifiyarsa cewa yana yoyo ta gefen dubura, da wuya ya buɗe baki ga budurwa sa'arsa don tana sanye da farin kaya. Zai ce da sauƙi, ya koma gida da ciwonsa. Akwai kuma tambayoyin da sai wanda ya haɗa ilimin asibiti da na Islamiyya zai iya fuskantarsu ba tare da kame-kame ba: yaya mai jaka a ciki zai yi da alwala, ya halatta ya shiga sahu, ya zai yi da azumi alhali jikinsa na zubar da ruwa, in zai yi azumin yaya za a jera masa magani tsakanin buɗa-baki da sahur? Malamai sun yi bayanin hukuncin mai larurar da ba ta yankewa, rangwamen maras lafiya a azumi kuma sananne ne, amma sai an samu wanda zai isar da wannan a bakin gado, ya kuma san lokacin da zai ce a je a tambayi malam da lokacin da zai ce a kira likita. Tun a Madina ma an san wannan aiki, domin Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallaci inda take jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Ana neman kiredit 5 a Turanci da Lissafi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, sannan a nemi kwalejin koyon aikin jinya ko a yi digirin jami'a na shekara 5. Wanda ya fito ya nemi ɗakin masu ciwon ciki ko sashen leƙa hanji, ya lazimci likitan fannin, ya karanta. Ƙungiyar Turai ta masu kula da wannan ciwo ta fitar da jagora na musamman ga ma'aikatan jinya a 2013, ta sabunta shi a 2018, kuma ana samunsa a intanet. Sai dai a faɗa wa ɗan'uwa gaskiya tun yanzu, aiki ne na wari da jini da kwanan zaune, maras lafiyarsa kuma ba ya warkewa ya tafi, tare za su tsufa.

Shi kuma wanda ya karanta wannan shafi ya ga kansa a ciki, wato zawo ya wuce mako 4 yana tafiya yana dawowa, ko jini a bayan gida ya ƙi ɗaukewa, ko zawo na tashinsa cikin dare, ga rama ga kasala, to ya bar kyamis haka nan ya nemi likitan ciki a babban asibiti. Ya tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha, har na gargajiya, ya kuma faɗi adadin zuwansa bayi yadda yake, kada kunya ta sa ya rage. Wanda ciwon ya kama masa babban hanji ya kai shekara 8 yana buƙatar a riƙa leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda haɗarin ciwon daji.

Ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuma, abin da jaridar nan ke nema bai kai kuɗin motar rakiyar kwamishina guda ba. A ware ma'aikatan jinya biyu, namiji da mace, a sashen ciwon ciki, a horar da su, a ba su layin waya da za a riƙa ɗauka a ranakun aiki, da littafin rajista da za a rubuta sunan duk wanda aka tabbatar yana da ciwon, da maganin da yake sha, da ranar da za a sake auna jininsa.